An Yanke Muryata Daidai Kan "Amma"

Lokacin da abin ya faru ina ajin turwaziyem, wato aji huɗu na sakandare, a wata lakwal, makaranta ke nan, a nan Gure, kuma ƴan ajinmu bebiya suke ce mini. Ba na ɗaga hannu ko na san amsa. Nawa dai kallo ne. Na san wanda ya sake biro, na san ranar da mushenmu, wato malaminmu na fizik, bai karya ba, don alli yakan yi rawa a hannunsa. Ƙawa ɗaya gare ni, bencinmu ɗaya tun firamare, mai baki ce kamar rediyo. Ni ke rubutu ita ke faɗa, kuma na ɗauka haka Allah ya haɗa mu don kowa ta rufa wa ƴar'uwarta asiri.

A shekarar wani kamfanin salula ya kafa antan, dogon ƙarfen nan na sadarwa, a bakin unguwarmu, ta wajen filin da ƙananan jirage ke sauka jefi-jefi. Da farko mutane sun ƙi, Baba ne ya bi su gida-gida yana lallashi, ya ce su yarda da shi babu cutarwa. Da aka gama sai aka ɗauke shi gardi, wato mai gadi, aka ba shi makullin shingen da ya kewaye antan. Yakan rataya shi a wuya da igiyar fata, ko masallaci zai je.

Mushe ya ba mu aikin bayani a gaban aji, ni da ƙawata, ya haɗa mu da wata takarda ta Faransanci. Magana ce a kan wata na'ura da ke cikin jirgin sama, wadda ke gaya wa matuƙi nisansa da ƙasa sa'ad da zai sauka. Kwana uku ina juya takardar kafin na gane ta, kuma a bakin rijiya na gane. Na'urar tana aika kira ƙasa ne ta saurari dawowarsa, kamar yadda mukan yi ihu cikin rijiya mu san zurfinta. To a wasu ƙasashe an kawo sabon rezo na salula mai ƙarfi wanda muryarsa ta yi kusa da ta na'urar, sai aka ji tsoron kada ya zama kamar wani ya tsaya kusa da kai yana ihu, ka kasa jin naka amon. Shi ya sa can suke rage ƙarfin antan kusa da filin jirgi, su sunkuyar da kansa ƙasa, su kuma sa wa na'urar matata mai tace hayaniyar. Mushe ya ja mana kunne cewa namu antan ba irin wannan ba ne.

Wata Laraba da la'asar na je gidan su ƙawata mu yi bita. Ta ce Faransancin ya yi mata nauyi, in yi mata da Hausa ta ɗauka a waya, ta riƙa saurare har ta haddace. Na ƙi, ta yi ta tsokanata wai ko muryar tawa ta gwal ce da ake ɓoyewa. Na yi dariya na yarda. Na faɗi komai tiryan-tiryan, na ce antan na iya rikita na'urar har matuƙi ya kasa sanin inda ƙasa take, amma wannan a wasu ƙasashe ne, namu bai shafi jirgi ba.

Ranar Asabar sai ga muryata a wayar maƙwabciyarmu. Kafin kasuwa ta sake ci, gwaggota da ke Gamu ta bugo tana tambaya ko gaskiya ne jirgi zai faɗo mana a ka. Na karɓi wayar maƙwabciyar na saurara. An yanke maganar. Tana ƙarewa ne daidai inda na ja numfashi na ce "am", sauran babu. A bayan muryar kuma ana jin keken ɗinkin innarta, da ƙarar awarwaron ƙawata sa'ad da ta gyara riƙon wayar. Duk wanda ya san gidan zai gane inda aka ɗauka, sai dai ba wanda ke sauraren irin waɗannan ƙananan abubuwa sai ni.

A fada, wato majalisar hira, Baba ya ji, cikin abokansa, ana shan shayi. Wani ya kunna, wani ya ce ai wannan ƴar gardi ce, ashe bebiyar ta iya magana, ga shi ta tona abin da ubanta ya ɓoye. Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni sau ɗaya ko muryata ce, na ce e. Ya tambaya ko ina da abin cewa. A nan na yi kuskuren da har yau yake cina. Maganar tana bakina, amma na tuna in na faɗa sunan ƙawata zai fito, na sunkuyar da kai na yi shiru. Na ɗauka gobe da kanta za ta zo ta gyara.

Ba ta zo ba. Da na same ta a lakwal na roƙe ta ta fito da cikakkiyar muryar, sai ta ce ta goge, wai waya ta cika. Ta ƙara da cewa in daina damunta, ai ba ita ta sa mini magana a baki ba. A gaban mushe kuwa ta rantse ni na tura da kaina don in yi suna. Yara suka koma kirana madam pilot, wato matuƙiyar jirgi, in na wuce su buɗe hannuwa suna kukan jirgi.

Dattawan unguwa suka taru wurin mai unguwa suka ce Baba ya yaudare su, ƴarsa ma ta shaida. Mushe ya zo ya yi bayani, wani ma'aikacin kamfanin ma ya zo, hankali ya kwanta, antan yana nan har gobe. Amma kafin su zo Baba ya riga ya cire makullin daga wuyansa ya mayar. Ya ce ba zai tsare abin da ake zarginsa a kansa ba. Bayan sati biyu na ga makullin, da igiyarsa ta fata, a wuyan kawun ƙawata, wanda ashe tun farko ya nemi aikin bai samu ba. Ban san ko shi ya sa ta ba, ko ita ta kai masa. Ban taɓa tambaya ba.

Sai bayan wata guda na iya gaya wa Baba komai, har keken ɗinkin da awarwaron. Ya ce ita ta yanke mini magana sau ɗaya, ni kuma na yanke wa kaina ranar da ya tambaye ni. Ya yafe mini, amma har yanzu wani lokaci nakan ga hannunsa ya kai ƙirji yana neman abin da babu.

Na rubuto ne don ƴan'uwana ɗalibai, musamman masu kunya irina. Kada ki ba kowa muryarki ya riƙe miki, ko da kun shekara goma a benci ɗaya, don wanda ya riƙe ta shi ke zaɓar inda za ta tsaya. In an tambaye ki gaskiya, ki faɗe ta a ranar, kunyar da za ta ja wa mahaifinki zargi ba tarbiyya ba ce. Ku kuma masu turawa, in saƙo ya zo muku ku saurari ƙarshensa da kyau kafin ku danna. Wataƙila akwai "amma" da aka bari a wayar wani.