Baffa Ƙosai da Farin Goro Biyu

Ku da kuka zauna layinmu a unguwar New Bell, nan Duwala, kun san yadda gari ke wayewa a zamanin Baffa Ɗanlami. Ana idar da sallar asuba zai jawo bencinsa ƙofar gida, 'yar rediyonsa manne da kunne. Ka ce masa ina kwana, maimakon lafiya lau sai ka ji halin da mutanen Sikotland suka kwana a ciki. Shi da Faransancin makarantarsa Ekos yake kiran ƙasar, mutanenta kuma Ekose, kuma burinsa ɗaya a duniya su ɓalle daga Ingila.

Yayan babana ne. Gida ɗaya suka tashi, kwano ɗaya suke ci tun suna yara har furfura ta kama su. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa dukkansu Uwani suke ce mini. A shekarun da nake ba ku labari babana, Sale, yana gina gida a Bonaberi, tsallaken gada, saboda ruwan da ke cika mana tsakar gida duk damina. Kowa ya san ranar tashi na tafe. Baffa ne kaɗai ban taɓa jin ya ambaci ginin nan ba.

Na taɓa tambayarsa ina ya haɗu da waɗannan mutane. Ya ce lokacin yana malamin rubuta kaya a tashar jiragen ruwa ne ya ce wa wani Bature makanikin jirgi ɗan Ingila, ashe mutumin Ekos ne. Mutumin ya yi jawur, ya ce a sake faɗa a ga.

"Uwani, nan take na gane ɗan'uwana ne," in ji Baffa. "Ni ma a nan aka yanke mini cibiya, amma har gobe in na shiga ofishin gwamnati sai a tambaye ni yaushe na zo daga Najeriya."

Sunan da ya bi shi har kabari kuwa Inna Talatu ce ta raɗa masa, mai suya a bakin layi. Wata safiya yana ta bayani da ƙarfi cewa lokaci ya yi da za a ba Ekose 'yancinsu, a raba su da maƙwabcinsu. Ta tsaya da matsami a hannu.

"Malam Ɗanlami, wai ƙosai za a ba 'yanci? Da wa za a raba shi, da koko?"

"Ekose na ce, Talatu. Mutane ne, da majalisarsu."

"Ko ma da gwamnansu. Duk wanda ya raba ƙosai da koko, Allah ya isa."

Kafin azahar ya zama Baffa Ƙosai. Ya yi fushi na sati guda, daga baya har amsawa yake.

Siyasar gida ba ya taɓa ta, yana cewa wannan tana cizo. Ta can kuwa ya san jam'iyyunta kamar 'ya'yan cikinsa: wadda ke son rabuwa, wadda ke ƙi, da wadda ya laƙaba wa jemage, ba ta tsuntsu ba ta dabba. Shugaban adawarsa babana ne. Ba don ya damu da Ekos ba, don dai tuwo ya fi wuce masa in suna gardama.

"Yaya, tsintsiya ɗaya ba ta shara," zai ce, yana jawo nama gabansa.

"Voilà, maganar 'yan mulkin mallaka. Mayar da naman nan tsakiya."

Sai kuma maganar riga. Ya gano cewa yadin nan mai gida-gida da ake sayarwa a kasuwar Mboppi sunansa ekose. Ya sayo ja da kore, ya sa tela ya ɗinka masa babbar riga har da hula, ya tafi masallacin Juma'a kamar an naɗe katifa. Ni da rawar kaina na nuna masa hoto a waya, na ce ai mazan can siket suke yi da yadin. Ya daɗe yana kallo ta saman tabarau.

"To me? Mazan Duwala ba zani suke ɗaurawa ranar biki ba? Duk mutanen bakin ruwa haka suke."

Ranar da aka yi ƙuri'ar raba gardama a can, masu son a zauna tare suka yi rinjaye. Wallahi mutanen layi har jaje suka zo yi masa, Inna Talatu ta aiko da ƙosai ba koko, wai don ta faranta masa. Ya karɓi gaisuwa da mutunci, ya ce faɗuwar gaba asarar namiji, za a sake zagaye na biyu.

Bayan damina biyu ginin Bonaberi ya kammala. Babana ya same shi a benci ya durƙusa, ya ce yana neman izinin tashi. Baffa bai kashe rediyo ba.

"Ba a ɓallewa haka kawai. Sai an yi referandom."

Ranar Lahadi bayan la'asar ya tara manyan gidan, mu goma. Ya ajiye ƙwarya a zaure, ya ba kowa goro biyu: fari a zauna, ja a tashi. Ya kafa doka cewa ƙuri'a sirri ce har abada. Sannan ya miƙe zai yi kamfe, ya gyara murya, ya ce jama'a su tuna tsintsiya ɗaya ba ta shara.

"Yaya, yaushe ka sauya sheƙa?" in ji babana.

"Ban sauya ba. Ekose ba uwarsu ɗaya da Ingila ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na shiga zaure na jefa ja. Na gaji da kwalfe ruwa daga ɗaki kafin in tafi aiki a unguwar Bonanjo. Har yau in na tuna hannuna a bakin ƙwaryar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Aka zazzage: ja takwas, fari biyu. Baffa ya dubi matarsa, Goggo Asabe, ya ce ko ba komai aure ya yi rana. Ya sa mana albarka, shi ya ɗora katifar babana a mota da hannunsa. Daga nan duk Juma'ar da muka zo gaishe shi maganarsa ɗaya ce, yaushe za a yi zagaye na biyu. Mu kuwa sai mu ɗauka wasa ne. Goggo ta ce mini rabin tuwonsa yake bari, a gefen da babana ke ci.

Shekara huɗu ya yi a haka, ya rasu ba wata doguwar jinya. Ranar sadakar uku muna zaune a zaure ana tuna barkwancinsa, sai Goggo ta share hawaye ta ce a yafe mata, ita ja ta jefa, don ta samu filin kiwon kajinta. Aka kwashe da dariya, sannan kowa ya shiga duban na kusa da shi: to farin goro na biyu na wa ne?

Babana bai ɗago kai ba.

"Ni ne," ya ce. "Na gina gidan don ku. Amma da ya ce mini Sale kada ka tafi, da Hausa, ba da siyasa ba, da ban motsa ba."

"Baba, me ya hana ka gaya masa?"

"Shi ya ce sirri ce. Ban taɓa karya dokar Yaya ba."

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya yafe mana jan goron da muka jefa. Ya Ubangiji, in wa'adin babana ya yi, ka sauke shi gida ɗaya da yayansa.