Tayoyin da ke kan rufina

Bayan rasuwar mahaifinmu na sha fama kafin Inna ta yarda ta bar Bengu ta dawo gidana a Gaya. Hujjarta ɗaya ce: garin bakin kogi sauro ya yi masa yawa. Na bugi ƙirji na ce a gidana sauro sai dai ya ji labari. Kowane gado da sangensa, wato gidan sauro, ga maganin fesawa daga Malanbil. Ta ce to, amma ranar da ta kwanta ciwo in shirya mayar da ita.

Ni direban kamyo ne, wato babbar mota, kuma direba ba ya zubar da tsohuwar taya. Irin namu a kan rufi muke jera su, su danne kwano kada iska ta ɗauke shi. Nawa rufin ya fi na kowa tayoyi a unguwa, har alfahari nake yi da su.

Damina na tsakiya zazzaɓi ya kayar da Inna. Kai na sara, bayan idanu na ciwo, gaɓoɓi kamar an daka. Na tsorata ƙwarai, kuma ni idan na tsorata faɗa nake nema. Na fita na wanke maƙwabcina tas a kan kwatarsa, har mutane suka taru.

A asibiti aka gwada, ba palu ba ce, wato zazzaɓin da muka saba. Likita ta ce denge ce. Wani sauro ne ke kawo ta, mai zanen fari a ƙafafu, ya ciji mai ciwon, ƙwayar ta yi kwanaki a cikinsa, sannan ya kai wa mai lafiya. Da rana yake cizo, lokacin da sangena ke naɗe. Na ce ai na san kwatar da ta haife shi. Ta ce wannan ruwan sama da ya kwanta a tulu ko gwangwani ya fi so, ko cikin tsohuwar taya.

Nan take na tuna da rufina. Ina isa gida na hau rufi, na tarar da kowace taya cike da ruwa, ƴaƴan sauro na ta wutsil-wutsil. Zuciya ta ɗebe ni, na wurgo su ƙasa duka, ko ɗaya ban bari ba. Matata na ƙasa tana cewa, "Maigida, ka huda su mana ruwan ya zube!" Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi.

Inna ta samu sauƙi, aka sallamo ta. Ranar da ta fara cin tuwo, da la'asar, hadari ya taso daga wajen kogi. Muna kallo iska ta yaye rufin ɗakina ta dire shi a gidan maƙwabcin nan da na zaga. Shi ya kamo mini gefe ɗaya muka dawo da shi, abin da ya fi zagi ciwo.

Da ruwa ya tsaya na durƙusa gaban Inna, jiƙe sharkaf, na ce alkawari na nan, gobe zan kai ta Bengu. Raina ba ya so, amma me zan ce?

Ta dubi sama ta inda rufi yake a da, ta dube ni.

"Ba ni tahiya," in ji ta. "Wanda ya kware ɗakinai sabadda sauro, wa za shi barin shi shi ɗai?"