Riguna Uku a Ƙofar Alƙali

Tun dawowarsa daga karatu a birnin Ndar na ƙasar Senegal, Tanimu tafintan kumandan yana shakkar ko shari'a tana rage wa wanda ya karye wani abu. Yau ga wani dattijo tsugune a ƙofar alƙalin Birni, wataƙila majemi ne, don bagaruwa ta rine hannunsa. Wani attajirin Zango ya kai shi ƙara, za a sayar da kayansa a biya bashi. Rana tana ƙuna, amma ya jibga riguna uku, gumi na tsiyaya, yana ta dafe ciki.

"Baba, wannan kaya haka cikin zafin nan?"

"An ce alƙali ba ya tuɓe mutum, ɗana. Rigunan ba su dame ni ba. Likkafanina ne naɗe a ƙarƙashi."