Sun Shafe wa Yayana Duniyar Mars da Siminti

Yayana malamin makaranta ne, labarin ƙasa ya koyar har ya yi ritaya. 'Yan unguwa kuwa Malam Ƙanƙara suke ce masa, kuma ba don yana sayar da ita ba. Saye yake yi ya binne a yashi.

Abin ya samo asali ne daga wasu hotunan duniyar Mars da ya gani. Ƙasa ja wur, busasshiya ƙamas, amma ga kwazazzabai manya-manya kamar jiya aka yi ambaliya. Ya ce mini masana suna ganin ƙanƙara ce binne a ƙarƙashi, zafi ya taso ya narkar da ita, ƙasa ta rufta, ruwa ya ɓalle ya yanka wa kansa hanyoyi, ya kwashi laka ya je ya shimfiɗe ta can gangare, wurin ya zama fili fetal. Na ce, "To Yaya, mu da famfonmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, me ya haɗa mu da na sama?"

Dariya kawai ya yi. Ya sa aka zube masa jan yashi a kusurwar tsakar gida, ya cuɗa shi da yumɓu, ya yi masa tudu da gangare. Da safe sai ya binne ƙanƙara a kan tudun, ya jawo kujera ya zauna. Kafin azahar wurin ya lotsa, ruwa ya tsattsago ya gangara, shi kuwa sai murna kamar an yi masa haihuwa.

Da idanunsa suka fara dishi-dishi, littattafai ne suka fara tafiya, sai talabijin, sai fuskokinmu. Yashin nan kaɗai ya rage masa, domin shi da yatsa ake karanta shi. Yakan kama hannuna ya ce, "Auta, taɓa nan. Kin ji tsibirin? Kansa da faɗi, wutsiyarsa siririya. Wutsiyar ce ke gaya miki inda ruwa ya nufa." Tsofaffin hanyoyin da suka bushe suka yi tauri, ya san kowace ɗaya kamar yadda ya san muryoyin 'ya'yansa.

To, sai ga babban ɗansa, ɗan kwangila, wanda muke ce wa Oga. Yaro ne mai son ubansa, ban hana shi wannan ba. Amma irin son nan ne da ba ya tambaya. Da aka kwantar da Yaya asibiti za a yi masa aikin ido na ƙarshe, ni ce 'yar jinya. Oga ya ce zai ɗan gyara gidan kafin a sallamo mu. Na ja masa kunne, na ce ya taɓa komai, ban da kusurwar nan. Ya ce, "Haba Gwaggo, sai ka ce yaro."

Aikin idon bai yi ba. Muka dawo gida ina riƙe da hannun Yaya, muna shiga na ga aika-aikar da aka yi. Tsakar gidan nan tun daga ƙofa har bango an malale shi da siminti, sumul, sai sheƙi yake.

Oga yana tsaye yana washe baki. "Baba, yanzu babu abin da zai sa ka tuntuɓe. Kuma fisabilillahi, baƙi za su zo dubiya, su tarar da kai kana wasan ƙasa?"

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Na ce, "Kai ɗan nan, mutumin da ya koyar da rabin garin nan ne ke wasan ƙasa? Kunyar baƙinka ka gyara, ba gidan ubanka ba! Ina yashin?" Ya ce ai motar da ta kawo siminti ta kwashe shi.

Yaya ya matse mini hannu ya ce, "Bar shi, Auta. Allah ya yi masa albarka." Wannan haƙurin nasa ya fi simintin ƙona mini rai.

Washegari mai ƙanƙara ya kawo kamar yadda ya saba, don babu wanda ya gaya masa. Yaya ya karɓa, ya laluba bango har kusurwar, ya ajiye ta a kan simintin, ya ce in kawo masa kujerarsa. Ina kallo ta narke, ruwan ya zarce rariya, rana ta lashe sauran.

Da ya ji zafin rana ya kai yadda ya saba, ya durƙusa ya fara shafa ƙasa da yatsunsa, ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake komawa.

"Auta," ya ce, "duba mini. Ta ina ya bi?"

Na duba. Ni da nake da ido ma ban gani ba.