Giwar da Baba bai gani ba

Shekarun baya can, likitan ido a Zariya ya gaya mana cewa ganin mahaifina yana tafiya, kuma ba zai dawo ba. A hanyarmu ta komawa Kudan na tambaye shi ko akwai abin da yake so mu yi masa. Na ɗauka zai ce Umara. Sai ya ce shi dai yana so ya ga giwa da idonsa.

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce tun yana yaro a ƙauyen Taba tsofaffi ke nuna musu wata fadama, suna cewa nan giwaye ke shan ruwa a da. Fadamar ce ya ƙare rayuwarsa yana noman rake a ciki.

Yayana ne mai mota a gidanmu, lokacin kuma yana neman kansila. Da ƙyar ya ware kwanaki cikin bazara, muka kama hanyar gandun namun daji na ƙasar Bauchi. Ni da ban taɓa shiga dajin da ya wuce gonarmu ba, na tafi da takalmi mai tsini da sabon leshi kamar mai zuwa biki. Baba kuwa mazarƙwaila ya ƙulla a leda, wai tsarabar giwa. Da isarmu, ko ɗaki ba mu shiga ba wani gwaggon biri ya fizge ledar ya haye bishiya. Rabon da in ji Baba ya yi dariya irin ta ranar, na manta.

Da sassafe aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota. Daji ne wanda ido ba ya kai ƙarshensa. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna daga nesa, Baba yana ta mutsuttsuke ido yana tambayata mene ne wannan. A bakin wani kogi mai yi mana jagora ya tsayar da mota, ya nuna mana kashin giwa ɗanye da sawunta a laka. Ya riƙe hannun Baba ya sauko, Baba ya sa ƙafarsa cikin sawun, ya daɗe a tsaye a ciki.

Jagoran ya ce garken yana kusa, sun shige kurmi ne. Zafi zai koro su ruwa, ko da yamma, ko gobe, ba wanda zai iya yanke musu lokaci. Yayana ya tambaya ko ba yadda za a yi a fito da su. Mutumin ya yi murmushi kawai. Baba ya ce ba komai, shi ya saba, ruwan shuka ma haka yake zaman jiransa.

Muna komawa masauki waya ta sami yayana. Wani babba a jam'iyya zai zo Makarfi washegari, ana son kowa ya hallara. Yayana ya ce mu haɗa kaya, bayan azahar za mu tashi. Na roƙe shi ya bar ni da Baba, mu biyo motar haya. Ya ce me mutane za su ce, ya yar da ubansa a daji? Na ce kwana ɗaya ne fa, Yaya. Ya ce giwa ba guduwa za ta yi ba, bayan damina zai dawo da mu.

Baba yana jin mu. Ya laluba ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu tafi, 'yar nan. Kada ya rasa abinsa saboda ni."

Har muka fita daga gandun fuskar Baba na jikin gilashi, yana kallon duk wani duhun bishiya. Babban da aka yi wa wannan gudu kuwa bai zo ba, aka ɗage taron.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe dajin, namun suka watse ciki. Kafin wata bazarar ta zagayo, Baba da murya yake gane mu. Yayana ya cika alkawari a baki, ya zo ya ce a shirya. Baba ya ce, "In je in ga me? Allah ya yi maka albarka." Bai sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ni da yayana muna zumunci, 'ya'yansa suna hutu a gidana, kuma na san Baba ya yafe masa tun a mota. Amma na gane wani abu da bai yi mini daɗi ba: mutum zai iya wuni a rana yana jiran wani ɗan'adam da yake tsoro, ya kasa ba ubansa yammaci guda. Daji bai yi mana ƙarya ba, tun farko ya ce sai an jira.

Bara yayana ya kai iyalinsa can, suka yi sa'a suka ga giwayen. Ya turo bidiyo a zauren danginmu na waya, kowa na ta masha Allah. Yana nan a wayata. Ban goge ba, ban kuma buɗe ba.