Mutum Biyu a Kan Benci Ɗaya

Ban taɓa mance wata ranar kasuwar Gidigir ba, a shekarar da aka ƙara mini girma zuwa ajidan. Ku da kuka shigo aikin jandarma kwanan nan, ku saurara, don irinta za ta same ku.

Lokacin ina aiki a yankin Gure, kuma ni ke da alhakin bincike. Ga wanda bai san tsarin ba: in an kama mutum, mai bincike ne ke jin bayaninsa, ya rubuta, ya sa hannu, sannan ya miƙa shi ga mai gabatar da ƙara na gwamnati. Shi wannan ne ke cewa a kai kotu ko a saki. Mu namu kamawa ne da rubuta gaskiyar abin da muka gani.

Da hantsi aka kawo mini wani makiyayi daga wajen Bune, sunansa Sambo, mutum mai furfura a gemu. An samu ƙullin tabar wiwi a aljihun rigarsa, ɗan kaɗan, na sha. Bai yi musu ba. Ya ce yana sha ne in tafiya ta yi tsawo. Abin da ya dame shi raƙumansa da ya bari a kasuwa, da matarsa da ke jiran ya kai mata hatsi a rugga.

Kafin azahar sai ga na biyu. An tsayar da wata mota kat-kat sabuwa a shingen hanya, aka samu irin wannan ƙulli a jakar mai tuƙin. Mustafa ke nan, ɗan wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Kyari. Ya daɗe a Amurka, ya zo ganin gida. Ya zauna gabana yana murmushi.

"Ajidan, a jihar da nake zaune kanti ake shiga a saya," in ji shi. "In ka kai shekara ashirin da ɗaya ka nuna katinka, shi ke nan. Akwai iyakar abin da za ka riƙe, kuma nawa bai kai ba."

Na ce, "Duk ƙasar haka take?"

Ya ce, "A'a. Wata jihar in ka shiga da ita kama ka za a yi."

"To ka shigo wata jihar. Nan saye laifi ne, riƙewa laifi ne, sha laifi ne. Koma can ka zauna."

Na nuna masa bencin da Sambo ke kai. Ya dubi bencin, ya dube ni, ya je ya zauna a can ƙarshensa.

Da la'asar Alhaji Kyari ya iso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, yaron nan baƙo ne, bai san dokar nan ba. Ka rufa mini asiri."

Na ce, "Alhaji, a garin nan aka haife shi. Kuma ga wani can, laifinsu ɗaya. Shi wa zai rufa masa?"

Ko waiwayawa bai yi ya dubi Sambo ba. Ya fita ya ciro salula.

Ba a jima ba tawa ta yi ƙara. Wani babba ne daga cikin manyanmu, ba zan faɗi sunansa ba. Ya ce in saki ɗan Alhaji, in ci gaba da aikin ɗayan.

Na miƙe tsaye kamar yana gabana. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum biyu ne a hannuna da abu iri ɗaya. In umarni ne, a aiko mini shi a rubuce da sa hannunka, in haɗa da bayanin."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ya sa nake tsaye."

Ya kashe. Ba zan ɓoye muku ba, na tuna ina da iyali da yara a lakkol, wato makaranta. Amma na san abin da zai biyo baya in na bi. Mustafa zai kwana a gidansu, Sambo kuma zai shiga gidan kaso ya jira shari'a ba mai tambayar lafiyarsa, raƙuman su watse.

Na rubuta bayaninsu a matsayin kamu ɗaya na rana ɗaya: masu sha ne, ba masu sayarwa ba, dukansu. Na aika a nemo ɗan'uwan Sambo a kasuwa ya karɓi dabbobin. Washegari na sa su a mota ɗaya zuwa Gure.

Alhaji ya ɗauko aboka, wato lauya, tun daga Damagaram. Mutumin ya iya magana. Ya ce abin kaɗan ne, karo na farko ne, mai sha ya fi bukatar likita da gargaɗi a kan kaso. Alƙali ya saurara, ya duba takardun, ya ce, "To duk wannan ai ya hau kan makiyayin ma." Aka yi musu hukunci iri ɗaya, ɗaurin da ba za su zauna ba sai in sun sake aikata laifin. Sambo ya fito yana ta duban jama'a, bai gane an gama ba sai da na gaya masa da kaina.

Wata bai cika ba aka ɗauke ni aka kai ni can arewa, wajen Alakos, inda ruwan sha ma sai an yi tafiya. Na yi shekaru a can. Wasu abokan aiki suka ce na jawo wa kaina. Na ce eh, da hannuna, kuma gobe ma haka zan yi.

Ni ban rubuta dokar wiwi ba, kuma wata rana masu rubutawa suna iya sauya ta, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. Wannan nasu ne. Naku shi ne, muddin tana nan, kada ku yarda ta zama dokar makiyaya kaɗai. Manya za su kira ku, za ku ji tsoro, ba laifi. Ku gaishe su da ladabi, ku ce su rubuto. Ni dai har na aje aiki ban ga wanda ya rubuto ba.