Sassaƙen Inna da fararen ɓeraye

A shekarata ta ƙarshe a makaranta, a Birnin Kebbi, aka ce kowa ya kawo maganin gargajiya ɗaya a gwada ko yana da illa. Ni ban yi dogon tunani ba. Innata a Argungu tana da wani sassaƙe da ake kawo mata daga wajen Augie, tana jiƙa shi a tulu ta sha saboda ciwon gwiwa. Sana'arta turara shinkafa, kuma tsugunon bakin murhu ya cinye mata ƙafafu. Na je na ɗebo, ta cika mini leda tana ta sa albarka.

Gaskiya na raina aikin. Na ɗauka wata ɗaya zan yi ina ɗura wa ɓeraye ruwan ɗaci, in karɓi makina in kama gabana.

Ɗakin ɓerayen yana can bayan ginin sashenmu, taga ɗaya gare shi, ga zarni mai kama tufafi. Mai kula da shi wata mata ce 'yar Filato, ba ta da yawan magana. Ita ta koya mini kama ɓera ta ƙeya da zura masa siririn bututu har ciki. Muka raba su keji-keji, wasu ruwa zalla, wasu maganin kaɗan, wasu daidai abin da Inna ke sha in an auna da nauyin jiki.

Farin ɓera ɗan hayaniya ne. Da ka taɓa ƙofa sun fara tsalle, suna hawa kan juna kamar 'yan kasuwa sun ga motar albasa. Haka suke har mako na uku, ranar da na shiga da hantsi na ji gefe ɗaya na ɗakin tsit. Na kejin Inna, haka nake kiran masu shan daidai awonta, ba wanda ya mutu a ciki. Suna zaune ne a jere, ba sa motsi, jajayen idanunsu duk a kaina. Na matsa dama suka bi ni da ido, na matsa hagu suka bi ni. Abincinsu yana nan ba su taɓa ba, robar ruwa kuwa ƙaf. Na cika, suka sha, suka koma suka zauna yadda suke. Na fita ban rufe ƙofa ba.

Ranar da aka yanka su, matar ta ciro ƙodar na ruwa zalla, ja jawur. Ta ciro ta na kejin Inna ta ajiye kusa da ita, fara fat, ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa. Ta daɗe tana kallo.

"Ƙanwata, wa kika ce yana shan wannan?"

"Mamata."

"Cire safar hannun nan ki tafi tasha yanzu."

Na isa Argungu bayan azahar. Na tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, ta yi ƙiba, fuskarta ta cika tana sheƙi. Maƙwabciyarta har tana ce mini in dubi yadda magani ya karɓe ta.

"Inna, kina shan sassaƙen nan har yanzu?"

Ta yi dariya. "Awo mana, ɗiyata. Tun da kit tahi da shi makaranta hankalina yak kwanta. Da can sahe kaɗai ni ka sha, ina ɗar-ɗar. Yanzu sahe da marece. Abin da masu ilimi sunka karɓa sunka duba, ai ba shi cuta."

Ashe a wurinta karɓar da aka yi ita ce shaidar ingancinsa. Na durƙusa gabanta na ɗage bakin zaninta. Ba ƙiba ba ce, idon sawunta ya ɓace cikin kumburi. Na danna babban yatsana a ƙaurinta, na ɗauke.

Ramin yatsan ya tsaya a nan. Ni da ita muka zuba masa ido muna jira ya ciko, bai ciko ba.